Ƙafar Inna ta kumbura shekara da shekaru: tundurmi ne, kuma yara za su iya ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. A Tudun Wadan Kaduna nake. Uwar mijina ta zo daga ƙauyensu ta wajen Saminaka za ta zauna da mu. Shekaru ke nan ƙafarta ta hagu tana kumbura, yanzu ko takalmi ba ya shiga, fatar ta yi kauri. Lokaci zuwa lokaci sai zazzaɓi ya rufe ta, ƙafar ta yi ja ta ɗau zafi, ta yi kwana uku ko huɗu a kwance. A gida sun ce sammu ta taka, har tsaga an yi mata. Ni kuma na ga ana ta turawa a WhatsApp wai akwai sabuwar cutar tsutsa da sauro ke sa wa mutane. Ita ce wannan? Yarana ɗaki ɗaya suke kwana da ita, in raba su? Kuma wane magani zan saya mata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Kada ki raba su. Su kwana ɗaki ɗaya, su ci kwano ɗaya, ta goya ƙaramin in tana jin ƙarfi. Ko da an tabbatar tundurmi ne, ba a ɗaukarsa ta taɓa jiki, ko ta bahon wanka, ko tabarma, ko taka inda mai shi ya taka. Sauro ne kaɗai ke kai shi daga wani zuwa wani. Kuma wanda ƙafarsa ta daɗe da kumbura, galibi in aka ɗebi jininsa ba a samun 'ya'yan tsutsar a ciki, ta gama ɓarnarta ta mutu tuni. Waɗanda sauro ke kwasa daga jikinsu, mafi yawansu garau suke, suna noma suna cin kasuwa, ba su ma san suna ɗauke da komai ba. Shi ya sa nake jin takaici in na ga ana ƙyamar mai tundurmi, ana ware masa kwano, alhali ana kwana da wanda ke da tsutsar a jini ba gidan sauro.

Sai dai kafin mu raɗa wa ciwon suna, a kai ta likita ya gani da idonsa, don ba kowane kumburin ƙafa ne tundurmi ba. Ciwon zuciya da na ƙoda da na hanta duk suna kumbura ƙafa, amma su yawanci ƙafa biyu suke kamawa tare, kuma in aka danna da yatsa wurin ya kan loɓa ya daɗe bai taso ba. Wani maganin hawan jini da ake yawan rubutawa, amlodipine, shi ma yana kumbura idon sawu. In jini ne ya daskare a jijiya, ƙafa ɗaya ce ke kumbura, amma cikin kwana ɗaya ko biyu, da ciwo, kuma wannan ba a kwana da shi a gida. Akwai ma wani tundurmin da babu ruwansa da tsutsa, na manoman da ke aiki ba takalmi a jar ƙasar kan tsaunuka, an fi saninsa a Habasha da Kamaru. To amma ƙafa ɗaya, kumburi na shekaru, fata mai kauri, ga zazzaɓi mai zuwa yana dawowa, a mutumin da ya tashi a karkarar ƙasar nan, wannan hoton tundurmi ne. Duk da haka a auna mata hawan jini da sukari, a duba fitsari.

Yadda abin yake kuwa, a jikin ɗan Adam ban da jijiyoyin jini akwai wasu siraran hanyoyi da aikinsu shi ne kwashe ruwan da ke tsattsafowa daga jini zuwa cikin nama, su tace shi, su mayar. Kaluluwar da ke fito wa mutum a matsematsi in ya ji rauni a ƙafa, ɗaya ce daga tashoshin wannan hanya. Ki ɗauke su kamar kwatocin unguwa da damina: in suna aiki ba wanda ke tunawa da su, in sun lalace ruwa ya kwanta, ƙazanta ta biyo baya. A cikin waɗannan hanyoyi tsutsar ke yin sheƙa. Sunanta Wuchereria bancrofti, ita ke jawo kashi 90 cikin 100 na cutar a duniya, kuma ita ce tamu ta Afirka. Macen takan kai tsawon santimita 8 zuwa 10, namijin kamar rabin haka. Suna rayuwa shekara 6 zuwa 8, macen tana ta zuba miliyoyin 'ya'ya waɗanda ido ba ya gani a cikin jini. Zamansu a wurin shi ke buɗa hanyoyin, su saki, su kasa tura ruwa sama. Ko bayan tsutsar ta mutu, hanyar ba ta komawa yadda take.

'Ya'yan suna da wata ɗabi'a. Da rana suna ɓuya a can cikin jijiyoyin huhu, sai dare ya yi, wajen ƙarfe 10 zuwa 2, su fito cikin jinin da ke kusa da fata, daidai lokacin da sauro ke farauta. Saboda haka ne a da ma'aikatan gwaji ke bin ƙauyuka cikin dare da fitila suna tsira wa mutane allura a yatsa, abin da ya sa wasu garuruwan suka riƙa yi musu kallon masu shan jini. Yanzu akwai ɗan tsinken gwaji da ake ɗiga masa jini da rana, a karanta cikin minti 10. In sauro ya zuƙe su, sai sun yi kwana 10 zuwa 14 a jikinsa kafin su isa shiga wani. Ba sa hayayyafa a cikin sauron, abin da ya ɗauka shi zai sauke, ko ma ƙasa da haka. Kuma ba allurarsu yake yi cikin jini kai tsaye ba, a kan fata suke faɗowa, su lallaɓa su shiga ta ramin cizon, da yawa su bushe a nan su mutu. A nan suka bambanta da zazzaɓin cizon sauro, wanda cizo ɗaya ya isa. Tundurmi sai mutum ya sha cizo mai yawa, wata da watanni ko shekaru, a wurin da cutar ke yawo. Yawanci tun yarinta ake kamuwa, alamar ba ta bayyana sai an girma. Wani likita ɗan Birtaniya, Patrick Manson, shi ya gano a 1877 a ƙasar Sin cewa sauro ne ke rainon wannan tsutsa, shekara 20 kafin a tabbatar da haka a kan zazzaɓin cizon sauro. Kin ga ke nan batun sabuwa bai taso ba.

Yanzu ga inda nake so ki fi ba ni hankalinki, wato kwanciyar nan ta kwana uku ko huɗu. Ba tsutsa ce ke motsi ba, ba kuma sammu ne ke tashi ba. Ƙwayoyin bakteriya ne na kan fata, irin waɗanda kowa ke da su, suke samun ƙofa su shiga. Ƙofar kuwa ƙarama ce: farin ruɓewar nan ta tsakanin yatsu da ake cewa ruwa ya ci ƙafa, ko faso a diddige da hunturu, ko ƙaya, ko susar cizon sauro, ko gefen farce da aka yanke da reza. Ƙafa mai lafiya takan kashe su ba a sani ba. Ƙafar da ruwa ya kwanta a cikinta ba ta iyawa. Sai a ga sanyi ya kama mutum yana karkarwa, kaluluwa ta fito, ƙafar ta yi ja ta ƙara hawa, wani lokaci da amai. In ya lafa fatar ta saɓule. Kuma kowane tashi yana ƙara lalata sauran hanyoyin da suka rage, ƙafar ba ta komawa inda take kafin ya zo. Wannan shi ke mayar da kumburin da a farko yake saɓewa in an kwana, ya zama wanda ba ya saɓewa, daga nan fata ta yi ninki, ta yi ƙulli-ƙulli, ta fara wari. Wato girman ƙafar ba yawan tsutsa ba ne, yawan tashin nan ne. In aka tare tashin, an tare ciwon a inda yake.

Daga nan za ki gane abin da ya sa tsaga ke ƙara dagula lamarin. Wanzami ya ga ruwa ya taru, ya ce a fitar, kuma ruwa na fita, mutum ya ji sakayau na kwana biyu. Amma kowace tsaga sabuwar ƙofa ce, a fatar da ba ta warkewa da wuri. Haka ƙaho, haka sakiya, haka gashi da ruwan zafi, haka ɗaura ganye da aka daka a kan rauni. Ban ce ki je ki yi musu da dangin miji a kan sammu ba, ba za ki ci riba ba. A yi addu'a, a yi tofi, wannan ba ya huda fata. Aska ce dai kada ta sake taɓa ƙafar nan. Maganin sa fitsari da ake saya a kemis don a rage kumburi shi ma ba ya aiki a wannan irin kumburin, sai dai ya tsotse tsohuwa ya bar ta da jiri.

Abin da ke aiki araha ne, shi ya sa mutane ke raina shi: ruwa da sabulu, kullum, safe da dare in da hali, daren ya fi muhimmanci. Ki zaunar da ita a kujera, ƙafar a cikin baho. Ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba. Sabulun wanka na yau da kullum, ba mai turare ba. Da hannu ko tsumma mai laushi, ban da soson buhu, ban da dutsen goge kaushi. Ki fara daga gwiwa ki gangaro. In kin zo yatsu, ki buɗa su ɗaya bayan ɗaya, ki zura siririn ƙyalle mai kumfa tsakaninsu ki ja shi gaba da baya a hankali, haka ma cikin kowane ninki na fata. Ki ɗauraye har sai ruwan da ke sauka ya fita fes. Sannan busarwa, wadda ita ce rabin aikin: a dangwala da tawul mai tsabta, ba gurzawa ba, a bi tsakanin yatsu da cikin ninki da busasshen ƙyalle har sai ba sauran laima. Daga nan ki haska fitilar wayarki ki duba. In kin ga wuri ya yi fari ya jiƙe, a shafa man kashe gwari irin su clotrimazole. In rauni ne, a wanke a sa maganin rauni. Inda fata ta bushe tana neman tsagewa a shafa man kaɗanya ko basilin, amma ban da tsakanin yatsu. A wanke ɗaya ƙafar ma haka, don sau da yawa ita ma ta taɓu, ba ta dai nuna ba.

Wata tsohuwa takan ce, ni da nake alwala sau biyar, wane wanki kuma? Gaskiyarta, amma alwala ba sabulu, kuma an saba a zura ƙafa a jiƙe cikin silifas a wuce. Ki ajiye mata ɗan tawul nata na kanta kusa da buta, ta riƙa tsane tsakanin yatsu duk in ta idar.

Sauran ba su da wuya. In tana zaune, ƙafar ta hau kan kujera ko matashi, kada ta yini a rataye. Da dare a ɗaga ƙafafun gado ta wajen sawu da bulo, sai fa in likita ya ce tana da ciwon zuciya. Ta riƙa motsa ta: ta dafa bango ta yi ɗage ta sauka, ta juya idon sawu, ta yi 'yar tafiya. Kada ta taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida. Tunda na kasuwa ba ya shiga, ki auna ƙafar da yamma lokacin da ta fi hawa, ki kai wa mai ɗinkin takalmi a Kasuwar Barci ya yi mata mai faɗi, mai laushin ciki, mai maɗauri da ake sassautawa. Takalmin roba da ke matsewa yana sa gumi, ya fi rashinsa illa.

Ran da zazzaɓin ya taso kuwa, a dakatar da motsa ƙafar, a ɗaga ta, a riƙa ɗora tsumma mai ruwan sanyi, ta sha ruwa sosai, a ba ta parasitamol, a ci gaba da wankin a hankali in za ta iya jurewa, a kuma kai ta asibiti a rubuta mata maganin kashe bakteriya. A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, don su biyun suna kama, kuma na sha ganin wanda aka yi ta ɗirka wa allurar maleriya da ta taifot alhali ƙafar ce ba wanda ya ɗaga zane ya duba. In ta fara sambatu, ko amai ya hana ta riƙe magani, ko jan yana hawa sama da sauri, ko fatar ta yi bororo, ko tana da ciwon sukari, to ba jiran safiya.

Sai maganar wane magani za ki saya. Kada ki sayi komai tukuna. Musamman ina gargaɗinki da wanda ake kira Banocide, wanda masu kemis ke miƙa wa duk mai ƙaiƙayin jiki. Maganin tsutsar ne na gaske, da shi ake aiki a Indiya. Amma a ƙasar da ake da makantar kogi, wadda wata tsutsa daban ke kawowa, kamar Nijeriya, ba a raba shi, domin in mutum na ɗauke da waccan tsutsar yana iya tayar masa da mummunan ƙaiƙayi da kumburi, har ya taɓa ido. Abin da ake rabawa a nan ivermectin ne, wanda aka fi sani da Mectizan, haɗe da albendazole, sau ɗaya a shekara, kyauta. Kamfanin Merck ke ba da na farkon tun 1987, kamfanin GSK ke ba da na biyun. Su ne waɗanda masu rabo ke zuwa da sanda mai zane-zane su auna tsayin mutum, daga ƙwaya ɗaya zuwa huɗu. Ba a ba yaron da bai kai santimita 90 ba, da mai ciki, da mai jego a makon farko, da wanda ke kwance ba lafiya. Wanda ya daɗe a dazukan kudu, inda ake da tsutsar ido, ya faɗa kafin ya sha.

Ki fahimci abin da wannan magani ke yi da abin da ba ya yi. Yana share 'ya'yan tsutsar daga jini na tsawon watanni, sauro ya ciza ya tashi ba komai. Iyayen ba ya gama da su, shi ya sa ake maimaitawa duk shekara, aƙalla shekara biyar, har su tsufa su mutu, kuma sai aƙalla kashi 65 cikin 100 na mutanen gari sun sha kowane zagaye. Ba ya saɓe ƙafar da ta riga ta kumbura. A nan ake samun saɓani: mai ƙafa ya sha bai ga canji ba ya ce maganin banza ne, mai lafiya ya ce me zan sha ina lafiya, ga kuma masu cewa na hana haihuwa ne. Alhali mai lafiyar nan shi aka fi nufi. Wanda ya sha ya ji ƙaiƙayi ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa alama ce akwai abin da maganin ya tarar. Ga ribar ƙafa kuma, yana fitar da tsutsar ciki, yana kashe ƙazuwa da kwarkwata. In gwaji ya nuna Inna na da tsutsa mai rai, akwai doxycycline, wanda ke kashe wata bakteriya da tsutsar ba ta rayuwa sai da ita. Ana shan sa mako huɗu zuwa shida, ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro, kuma likita ne zai yanke wannan.

Abin da kika gani a WhatsApp, ina kyautata zaton labarin wata 'yar'uwar wannan tsutsa ce, Dirofilaria, wadda asalinta ta karnuka ce. Sauro kan ɗauko ta daga kare ya sauke wa mutum. A da an fi saninta a kudancin Turai, irin su Italiya, yanzu da zafi ke ƙaruwa tana hawa arewa da gabas, shi ya sa likitocin can ke kiranta mai tasowa. A jikin mutum yawanci ba ta iya hayayyafa, sai ta tsaya ta zama ɗan ƙulli a ƙarƙashin fata, ko a gefen ido, ko a huhu, a yi ƙaramin aiki a cire. Hoton tsutsa a ido shi ke sa saƙon yawo. Ba ta kawo tundurmi, kuma ba ita ce damuwarmu a Kaduna ba.

Tamu tsohuwa ce, kuma an ci ƙarfinta sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da ita a 2000, lokacin ana ƙiyasin mutum miliyan 120 ke ɗauke da ita. Zuwa 2018 sun ragu zuwa miliyan 51. Togo ta fita a 2017, Malawi a 2020. A nan gida, inda aka sami cutar a ƙananan hukumomi sama da 500 cikin 774, maƙwabtanmu Filato da Nasarawa sun sanar da kawar da ita a 2017, bayan shekaru ana rabon magani da gidan sauro tare da Cibiyar Carter ta Amurka. Kaduna ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A ƙauyukan jihar nan aka yi ɗaya daga manyan gwaje-gwajen da suka nuna ivermectin na kare ido daga makantar kogi, aikin su Farfesa Adenike Abiose ta Cibiyar Ido ta Ƙasa, kuma ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana tallafa wa rabon magani a jihar. Ƙa'idar ita ce in ƙaramar hukuma ta yi zagayenta, sai a gwada yara 'yan shekara 6 zuwa 7. In ba a samu a jikinsu ba sai ƙalilan ƙwarai, alama ce yaɗuwa ta tsaya, a daina rabo a koma sa ido. Don haka ki tambaya a asibitin unguwa ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko har yanzu ana rabo a wajenku da wajen su Inna. In ana yi, kowa a gidan ya sha.

In akwai abin da ke hana ni sakin jiki, ba sabuwar tsutsa ba ce, yanayin da muke ciki ne. Shirin nan ya dogara ne ga a kai ga kowane ƙauye, shekara bayan shekara ba fashi. To yaya mai sandar awo zai yi da ƙauyukan Birnin Gwari ko Giwa ko Kajuru a shekarun da hanya ba ta biyuwa, ko garin ma ya watse? Mutanen sun dawo gefen birni, Rigasa, Mando, Maraban Jos, wasu da tsutsar a jini, kuma sunansu ba ya cikin rajistar ko'ina. A karkararmu sauron da ke kawo zazzaɓi, Anopheles, shi ne dai ke kawo tundurmi, kuma ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke duka, irin na kududdufin bulo da fadama da lambu, abin da gefen Kaduna ba ya rasawa. Na cikin gari mai kuka a kunne, Culex, ɗan kwata da salga, shi ke yaɗa ta a biranen Indiya da gaɓar Afirka ta Gabas. A Afirka ta Yamma bincike ya nuna bai iya rainonta sosai ba, wannan sa'a ce muka yi, ba dabararmu ba. Ga sauro yana ƙara jure maganin da ake sa wa gidan sauro. Ga kuɗin tallafi daga waje ya ja baya tun da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da tallafi, USAID, a 2025. Kuma ko an daina rabon magani gobe an yi biki, masu ƙafa irin ta Inna suna nan, su ne aka fi mantawa da su, don ba wanda ke samun lambar yabo a kan baho da sabulu.

Kariyar yaranki dai ita ce wadda kika sani: gidan sauro mai magani, kowane dare, har da lokacin zafi, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a ɗinke inda ya yage. Ita ma Inna a ɗaura mata nata, ko don kada cizo ya sa ta susa.

Akwai wata magana da ba ki tambaya ba, kuma ba bakinki ne zai faɗe ta ba, sai dai ki sa maigida. Wannan tsutsa a jikin maza ta fi sauka a maraina, ta tara ruwa, abin da ake kira gwaiwa. A ƙiyasin farko na duniya, maza miliyan 25 ke da wannan, masu kumburin ƙafa ko hannu ko nono miliyan 15. Ba a ganinsu ne don babbar riga na rufewa, kunya na rufe sauran. In Inna ta samu a ƙauyen nan, akwai yiwuwar cikin 'yan'uwan maigida ko baffanninsa akwai mai ɓoye nasa. Ya gaya musu wannan kam yana warkewa sarai da tiyata, aikin da galibi ba ya kai awa ɗaya, kuma ana yin sa a manyan asibitocin gwamnati. Kada su yarda a zuƙe ruwan da sirinji a ɗakin kemis, yana dawowa, kuma yana iya sa ƙwayoyin cuta su shiga wurin. Likita ne zai bambance gwaiwa da ƙaba, wadda hanji ne ke saukowa. Ita ƙaba in ta maƙale, da ciwo mai tsanani da amai, aikin gaggawa ne a daren. Wanda kuma ke fitsari fari mai launin madara, shi ma ya je a duba shi, yana cikin alamomin.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da zazzaɓin ya taso da kwana nawa ya yi. Ki kuma auna kaurin ƙafar da tef ɗin tela sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya, da safe. Abin da za ki fara gani shi ne warin ya tafi, sannan tashin ya yi nisa da juna, kumburin kuma ya ɗan sassauta, ko da yake fatar da ta riga ta yi kauri ba za ta koma kamar ta da ba, gara ki gaya mata haka tun yanzu kada ta karaya ta koma wa aska. Ki koya mata ta riƙa yi da kanta, ki koya wa wata a ƙauye saboda ran da za ta koma. In an yi wata uku ana wankin yadda ya kamata amma tashin bai ragu ba, ki koma wa likita da littafin a hannu, akwai penisilin na rigakafi da ake ɗora irinsu a kai na wani lokaci.